Shekarar da Aka Share Kurmin Bayan Gida

Gidan da na girma a cikinsa yana can ƙarshen Yalwawa, a lokacin da Yalwawa take da ƙarshe. Daga katangarmu ta baya babu sauran gida, sai wani ɗan kurmi da ya miƙe har gindin duwatsu: ɗinya, kanya, tsamiya, kurna, da wasu tsofaffin dabinai da babu wanda ya san mai su. Baba ma'aikacin awon filaye ne, yana cikin waɗanda aiki ya kwaso zuwa Dutse bayan an yi jiha. Da kakanmu ya rasu a Aujara, sai ya je ya ɗauko mahaifiyarsa, wadda muke kira Iya. Ta zo da akwatin ƙarfe ɗaya, da tukunyar ƙasa, da wani tsumma mai ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli da irin da ke cikinsa.

Cikin shekara uku tsakar gidanmu ta sauya kama. Zogale ya jeru a jikin katanga, lalle ya yi shinge a bayan ɗakin girki, yaɗiya ta haye kan rumfa. Akwai ɗoɗɗoya a bakin randa, da rama da kuɓewa idan damina ta yi. A tsakiya kuma ga wata kanya da Baba ya tarar a filin tun kafin a yi gini, magina suka bar ta don suna shan inuwarta. Amma yawancin abin da ke gidan ba Iya ce ta shuka shi ba. Fitowa yake yi, ita kuma ta ƙyale shi. Idan ta ga ɗan tsiro a gefen kwata sai ta tsugunna ta daɗe tana kallonsa, sannan ta faɗa mana wanda ya kawo shi.

"Wannan darbejiya ce, aikin jemage ne. Ya sha 'ya'yan a wani gida ya zo ya yar mana da ƙwallon. Wancan gawo ne, sai da ya bi ta cikin akuya tukuna, in ba haka ba ba ya tsirowa da wuri. Tafasar nan kuwa ruwan dutse ne ya gangaro da ita."

Umma takan yi ƙorafin shara, don ganye ba ya ƙarewa. Baba kuma yakan tsaya ya dubi gidan ya girgiza kai ya ce, "Iya, mun zo birni kin biyo mu da daji." Ita dai ba ta amsa masa kai tsaye. Ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta faɗa. Sai ta juyo gare mu ta ce, "Ku gaya wa babanku, miyar da ya sha jiya daga dajin ta fito."

Bayan magariba, idan an sauke tuwo an ci, Iya takan ja kujerarta kusa da murhu ta zuba ɗanyen ganyen darbejiya a kan garwashi saboda sauro. Hayaƙin yana da ɗaci, har yau idan na ji shi sai in ji kamar ana shirin ba da labari. Mu huɗu ne masu zama: ni, da ƙanwata Kulu, da 'ya'yan maƙwabcinmu Baffa Buba su biyu. Iya tana da nata salon buɗe tatsuniya. Takan ce, "Ga wata baƙuwa a bakin zaure." Mu kuma mu ce, "A shimfiɗa mata tabarma." Kafin a kira isha ta gama guda, wani lokaci biyu idan mun yi mata tausar ƙafa. Kulu, wadda shekararta huɗu a lokacin da nake ba da labari, takan kwanta a cinyarta tana wasa da zoben azurfar da ke yatsanta.

Ina aji biyar na firamare aka yanka kurmin bayan gidanmu filaye. Da farko turaku muka gani masu jan fenti, an kakkafa su a tsakanin itatuwa. Ofishinsu Baba ne suka yi awon, kowa a unguwar ya san haka, kuma babu wanda ya ga abin magana a ciki, gari ne yake girma. Ana gab da faɗuwar damina katafila ta zo. Kwana shida ta yi tana aiki. Da muka dawo daga makaranta ran na shidan, daga ƙofar bayanmu muna hango gindin dutse tas, kamar an aske kai.

A yammacin ranar jemagu suka fito kamar yadda suka saba, suka yi ta zagaya sararin da babu komai a cikinsa. Da gari ya waye muka tarar da su a kan kanyarmu, sun yi mata baƙi ƙirin har rassan sun sunkuya. Tsuntsayen da ban taɓa gani a cikin gida ba suka cika zogale. Bayan kwana biyu Umma ta fara kukan ɓeraye sun huda buhun gero. Iya ta daina zama da rana. Tana ta zagaya gidan da sanda tana bubbuga gindin lalle, tana kwashe fasassun tukwane, tana toshe ramuka da ƙasa.

"Duk abin da ke can ya taso," in ji ta. "Ba shi da inda zai je sai inda ya ga kore."

Matan unguwa suka yi ta ɗibar itace daga abin da katafila ta ture, Umma ma ta aike ni. Iya ta tsayar da ni a bakin ƙofa ta ce, "Rabi, duk wanda kika kawo ki karkaɗe shi a waje. Ki ɗora shi a kan dakalin can, a fili, inda rana take dukansa. Kada ki zuba min itace a gindin lalle." Na ce to. Sawu biyu na farko na yi yadda ta ce. A na uku rana ta yi zafi, wuyana yana ciwo, dakalin kuma yana can ƙarshen gida. Na shigo ta ƙofar baya na jefar da ƙunshin a inuwar lalle ba tare da na karkaɗe ba. Na huɗu da na biyar ma haka. Na ce a raina da yamma zan kwashe. Da yamma na manta, washegari na tuna na yi ƙyuya.

Kwana uku bayan haka, da la'asar, takalmin Kulu ya faɗa bayan tarin itacen tana wasa. Ta zura ƙafa za ta jawo shi. Ba ta yi wani ihu mai ƙarfi ba, cewa kawai ta yi, "Umma, ƙaya." Iya ce ta fara isa wurin. Ta dubi ƙafar, ta ɗaga itace ɗaya da sandarta, sai ga abin ya naɗe yana goga jikinsa, yana wani sauti kamar ana zuba ruwa a kan garwashi. Kububuwa ce. Baffa Buba ya tsallako da fartanya ya kashe ta, ya ɗauki Kulu da Umma a babur zuwa asibiti, aka aika wa Baba a ofis.

Ana kiran magariba Baba ya dawo ɗaukar kaya. Ya ce a asibitin babu maganin dafin, za su wuce da ita Kano, kuma dasashinta ya fara zubar da jini. Ya cusa zannuwa a jaka. Da ya zo fita ya tsaya a tsakar gida ya dubi lallen, ya dubi yaɗiyar da ta rufe rumfa, sannan ya dubi mahaifiyarsa. Ban taɓa jin ya yi mata magana da irin wannan muryar ba.

"Iya, sau nawa na faɗa? Ga shi nan. Idan Allah ya dawo da ni, ko ciyawa ɗaya ba za ta kwana a gidan nan ba."

Ta ce, "Allah ya kai ku lafiya." Ni ina tsaye a bakin ɗakin girki, tarin itacen yana bayana.

A wancan lokacin ba kowa ke da waya ba. Baffa Buba yana da wani abokin ciniki a kasuwa mai ita, ta nan aka ce za a riƙa aiko da labari. Gidan ya rage daga ni sai Iya. Ta yi tuwo kamar kullum, babu wanda ya ci na kirki. 'Ya'yan Baffa Buba suka shigo suka zauna. Ina jin don ta ga yadda muke zazzare ido ne ya sa Iya ta zuba ganye a wuta, ta gyara zama, ta ce, "Ga wata baƙuwa a bakin zaure." Muka amsa ciki-ciki. Sai ta kama wadda ta fi saba ba mu, ta Ɗan-Sharau.

Ɗan-Sharau wani mutum ne da ba ya son ganin ko ganye ɗaya a tsakar gidansa. Yana da itatuwa uku da ya gada, tsamiya da kurna da gawo, kullum yana cikin shara yana tsaki. Wata rana ya wasa gatari ya nufi tsamiya. Da ya ɗaga hannu sai tsamiya ta yi waƙa, Iya kuma tana rera ta da wata siririyar murya:

"Mai gatari, dakata kaɗan,
Ni ba ni da ƙafa, ba zan gudu ba.
Amma ina da baƙi a kaina,
Ina za su kwana?"

Ɗan-Sharau ya ce, "Duniya da faɗi." Ya sare ta. Baƙin tsamiya, jemage da mujiya, suka kwashi kayansu suka koma kan kurna. Kurna ta ce, "Ku matsa ku zauna, gidan ƙunci ne amma za mu iya." Shekara ta zagayo, ƙayar kurna ta soki Ɗan-Sharau a ƙafa, ya ɗauko gatari. Kurna ta yi waƙar, ya ba ta amsar da ya ba tsamiya. Zuma da kurciya da bushiyar da ke kwana a gindinta suka bi jemage da mujiya zuwa kan gawo. Gawo kuwa ga halinsa, da damina yake zubar da ganye lokacin da kowa yake kore. Ɗan-Sharau ya ce wannan ma raini ne, ya sare shi. Sai baƙin suka taru a ƙofar ɗakinsa suka yi sallama, suka ce ga su sun zo, tunda shi ne mai gidan. Ya kore su da tsintsiya. Mujiya ta yi fushi ta bar garin, bushiya ta bi ta. Da ɓera ya ji mujiya ta tafi, sai ya aika wa danginsa na gari bakwai cewa an yi sabon gida babu mai gadi. Suka zo suka cika rumbu. Wanda kuma yake bin sawun ɓera duk inda ya je, shi ma ya biyo su. Wata rana 'yar autar Ɗan-Sharau ta zura hannu a rumbu za ta ɗebo dawa...

A nan Iya ta tsaya. Bakinta a buɗe, hannunta a sama yadda take kwatanta zura hannun. Mun san abin da ke gaba, mun ji tatsuniyar ya fi sau goma. Ita ce ta manta, ko kuma bakinta ne ya kama hanyar da ya saba bai yi shawara da ita ba. Ta sauke hannun a hankali ta ɗora a cinyarta, daidai inda kan Kulu yake kwanciya. Ƙaramar 'yar Baffa Buba ta fara kuka. Iya ta ce, "Ku tashi ku yi alwala, an kusa kiran salla."

Washegari ban je makaranta ba. Duk babur ɗin da ya wuce sai na fita ƙofa. Iya ta ɗauki lauje tun da hantsi ta shiga gindin lalle, ta yanke duk wani reshe da ya taɓa ƙasa, ta kwashe itacen da na zuba ɗaya bayan ɗaya da bakin sanda ta kai dakali. Na zo zan taya ta, ta ce in koma inuwa. Sai bayan la'asar Baffa Buba ya zo. Ya tsaya a zaure bai cire hularsa ta babur ba, ya ce an samu maganin an yi mata, amma jinin bai tsaya ba tukuna, ƙafar kuma ta kumbura har gwiwa. Likita ya ce a jira a gani. Iya ta ce, "To. Allah ya saka da alheri, Malam Buba." A yammacin nan ba a yi tatsuniya ba. Ta hura wutar, ta zuba ganyen, muka zauna muna jin jemagu suna faɗa a kan kanya saboda wurin ya yi musu kaɗan.

Ran na uku babu labari ko kaɗan. Mai wayar ya tafi cin kasuwar wani gari. Na yini ina ƙirga abin da zan yi idan Kulu ta mutu: zan faɗa wa Baba, ko ba zan faɗa ba, kuma wanne ya fi muni. Bayan magariba, yaran maƙwabta ba su zo ba, uwarsu ta hana su. Na matsa kusa da Iya har gwiwata tana taɓa tata.

"Iya, laifin wa ne? Na wanda ya sare, ko na wanda ya bar ganye?"

Ta daɗe tana juya garwashi. "A tatsuniya na mai gatari ne. A gidan nan ban sani ba, ƙawata. Da babu kore a nan, da ta wuce wani gidan. Wannan gaskiyar babanku ce."

"Ni ce na zuba itacen a gindin lalle." Na sunkuyar da kai. "Ban karkaɗe ba."

"Na gani."

Na ɗago na dube ta.

"Tun ranar na gani. Na ce bari in ƙyale ki ki huta, gobe in sa ki kwashe. Goben ce ta yi ta matsawa. Ke yarinya ce kin yi ƙyuya, ni babba ce na gani na yi shiru, to wa ya fi wani?" Ta kama kunnena ta ɗan ja, ba da zafi ba. "Ki bar maganar nan a wurina. Babanku yana buƙatar wanda zai yi wa fushi, ni kuma na ɗauke shi wata tara, zan iya ɗaukar fushinsa. Ke ba za ki iya ba."

Na kifa kaina a cinyarta na yi kukan da na kwana biyu ina riƙewa. Da na lafa, ba tare da ta sake yin sallamar baƙuwa ba, sai ta ɗora daga inda ta tsaya. Ta tsallake wurin rumbun, ta ce kawai yarinyar ta kwanta, aka rasa ganyen da za a yi mata magani, don duk garin an bi Ɗan-Sharau an share gidaje. Ya yi tafiyar kwana bakwai ya samo a wani daji, yarinyar ta tashi. Sai ya tsaya a gaban itatuwan dajin ya roƙe su su dawo gidansa. Suka ce masa, "Ai mun faɗa maka ba mu da ƙafa. Da can ma kawo mu aka yi. Je ka roƙi masu kawo mu." Haka ya bi waɗanda ya kora da tsintsiya ɗaya bayan ɗaya yana ba su haƙuri. Jemage ya ce zai kawo, amma sai an bar masa wurin rataya. Akuya ma, da ya saba kora, ta ce za ta kawo, amma a daina share kashinta da sassafe. Kurciya ta ce a ajiye mata ruwa a kasko. Suka kawo. Tsiro ya fito kamar yatsa. Ɗan-Sharau ya tsufa yana ba shi ruwa, ya mutu inuwar ba ta kai ta rufe masa ƙafa ba. Jikokinsa ne suka zauna a cikinta.

"Baƙuwa ta naɗe tabarmarta," in ji Iya. "Wanda ya ji ya riƙe."

Na ce, "A da ba haka kike ƙare ta ba. A da yana shan inuwar."

Ta ce, "A da ina yi muku sauƙi ne."

Da hantsin rana ta huɗu Baffa Buba ya shigo har tsakar gida ba tare da ya jira an amsa sallamarsa ba. Jini ya tsaya, Kulu ta sha kunu, har ta tambayi takalminta. Iya ta zauna a ƙasa inda take tsaye, ta rufe fuska da gefen mayafinta.

Bayan kwana tara suka dawo. Kulu ta rame, tana ɗingishi, tabon yana nan a ƙafarta har yau. Baba ya cika maganarsa. Ran Asabar ya kawo mutum uku da gatura. Iya ta roƙi abu ɗaya, ta bakina, don ba za ta iya ce masa kai tsaye ba: a share duk abin da ke ƙasa, a bar masu tsawo, don maciji ba inuwar sama yake nema ba, maɓoya yake nema da ɓera. Na je na faɗa masa ina kallon ƙasa. Ya ce, "Ki ce mata na ji." Amma bai bar komai ba. Kanyar ce ta ƙarshe, ta ci musu yini guda. Jemagun suka tashi gaba ɗaya da rana tsaka, suka yi ta kewaya gidan, sannan suka nufi wajen duwatsu. A satin aka zuba siminti daga zaure har katangar baya.

Ban ga laifin Baba ba a lokacin, yanzu ma da nake da 'ya'ya ban gani ba. Amma gidan ya zama wani abu dabam. Da bazara simintin yakan yi zafin da ba a taka shi da ƙafa, ɗakuna su riƙe zafin har bayan isha. Da damina ruwan da ke gangarowa daga dutse, wanda a da kurmi da tsakar gida suke shanye shi, sai ya taru ya shiga ɗakin girki. Ɓerayen kuwa ba su je ko'ina ba. Iya ta ci gaba da ba mu tatsuniya, a kan tabarma a kan siminti, amma ba ta sake yin ta Ɗan-Sharau ba, kuma ba ta sake tsugunnawa a gaban wani tsiro ba. Bayan shekara biyu ta ce tana so ta koma Aujara wurin ƙanwar Baba. A can ta rasu, ina ajin ƙarshe na sakandare. Tsakaninta da ɗanta babu gaba, yana zuwa duk wata da goro da sabulu, suna gaisawa. Maganar dai ba su taɓa tayar da ita ba.

Yanzu ina koyarwa, muna zaune a Takur ni da maigidana da yara uku. Unguwar cike take da darbejiya a bakin titi, duk iri ɗaya, a ƙarƙashinta ba abin da ke fitowa sai 'ya'yanta. Gidaje kuma kowa ya shafe nasa da siminti ko bulo. Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar Iya a matsayin gargaɗi ga masu sara kawai. Sai da na girma na lura da kurna, wadda ta ce wa baƙi su matsa su zauna. Ita ba ta yi laifin komai ba, amma nauyin da tsamiya ta bari a kanta ya sauka. Gida ɗaya mai kore a cikin unguwar da aka share ba zai iya ɗaukar abin da kurmi guda yake ɗauka ba, kuma mai gidan shi zai kwana da tsoro. Na bar zogale da lemo da gwanda a nawa gidan, ƙarƙashinsu a share tas, ba na tara itace, amma duk da haka idan autata ta nufi bayan tankin ruwa sai gabana ya faɗi. Ban san ranar da zai daina ba.

Bara da azumi na je Yalwawa gaida Baba. Ya yi ritaya, idonsa ya yi rauni. Na same shi a zaure da la'asar, don cikin gidan ba ya zaunuwa saboda zafi. Muna cikin hira, ban shirya ba, na ji bakina yana faɗa masa maganar itacen, da yadda Iya ta ce in bar ta a wurinta. Shekara ashirin da wani abu ina ɗauke da ita, ta fita cikin jimla huɗu.

Ya saurara har na kai ƙarshe. Sannan ya ce, "Ke itace kika ɗauko. Turakun nan masu jan fenti, da hannuna na kafa su. A hanyar Kano, ina riƙe da ƙafar yarinyar nan, abin da nake ta gani ke nan. Da na dawo sai na ga ya fi sauƙi in dubi lallen Iya."

Ya shafa gemunsa, ya juya fuskarsa wajen tsakar gida inda hasken rana yake dukan siminti.

"Mai gyaran famfo ya ce akwai wani wuri can tsakiya da ya tsage, wai wani abu yana fitowa ta ciki. Ya ce in sa a zuba masa siminti. Ni ba na gani sosai. Je ki duba min mene ne."

Na je na tsugunna. Ganye huɗu ne, tsawonsa bai kai tafin hannu ba. Na daɗe ina kallonsa, ina juya ganyen da yatsa. Na dawo na ce masa ban gane shi ba, ban san irinsa ba, ban san wanda ya kawo shi ba.

Ya ce, "Da Iya ce, da ta sani." Ya jawo butar alwalarsa ya girgiza ya ji da sauran ruwa, ya miƙo min. "Zuba masa. Mu bar shi ya girma mu ga ko wane ne."